Zuwa ga Edita: Man fetur ba kogi bane a ƙarƙashin ƙasa

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki, da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya, Allah ya ƙara basira. Ni makarancin jaridarku ne tun da daɗewa, sana'ata haƙar rijiyar burtsatse, ilimin duwatsu na karanta a jami'a sannan na faɗa wannan aikin, yanzu shekara 14 kenan ina bin injin haƙa tsakanin Gombe da Bauchi da Yobe har kudancin Borno. Abunda yasa na zauna da daddare nake danna maka wannan doguwar wasiƙar a waya wata magana ce da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya, tun watan Nuwamban 2022 da marigayi shugaba Buhari yazo Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, ya ƙaddamar da haƙar mai, duk sanda aka tada zancen man Arewa, a teburin mai shayi ne ko a cikin mota ko a majalisar unguwa, sai wani yace ai man namu Chadi da Nijar ne ke zuƙe shi ta ƙasa, wai ƙasarsu tafi tamu gangare shi yasa man ke malalawa can, harda masu digiri naji suna faɗin haka ransu a ɓace. Kuma banga laifinsu ba, dan ba wanda ya taɓa zama ya yi musu bayani da Hausa menene shi man kuma ta yaya ya samu. Suna ɗaukarsa kamar wani ƙaton tafki ne a ƙasa wanda duk wanda ya riga zura bututu zai shanye. Toh ba haka bane, kuma in ana so a gane dalili sai an faro daga iskar da muke shaƙa, oksijin, inda ya kai da inda bai kai ba.

Bari in fara da abunda idona ke gani kullum. Idan muka kafa inji muka fara haƙa, ɓarɓashin ƙasa yana fitowa tare da ruwan laka, yaranmu suna ajiye shi a gefe tuli-tuli, kowane bututu ya shige tuli ɗaya, a jere, dan mu san abunda muka ratsa. Tulin farko-farko jawur suke ko ruwan ɗorawa, wani lokacin da burji a ciki, amma a wurare da yawa kana zurfafawa sai kaga launin ya fara mutuwa ya koma ruwan toka, in kuma yankin Pindiga ne sai ka faɗa wata baƙar laka mai santsi, in ta bushe tana ɓarewa falle-falle kamar takarda, kayi ta haƙa babu ruwan kirki. Jan nan tsatsa ce ba wani abu ba, ƙarfen da ke cikin ƙasa ne ya haɗu da oksijin, kamar dai yadda fartanya ke yi in an manta ta a gona da damina. Baƙin kuma ragowar halittu ne da suka mutu aka binne su inda iska bata isa ba, shi yasa basu ruɓe sun ƙare ba. Duk wanda ya taɓa nutsa ƙafa a tsakiyar fadama ya zaro ta da baƙin taɓo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya san wannan.

Akwai wani ƙauye da muka yi musu rijiya, ruwa ya fito garau kowa na murna, washegari da sassafe sai ga mai unguwa da wata dattijuwa riƙe da bokiti, tace ɗan nan zo kaga abunda ka haƙo mana, ruwan da ta ɗiba jiya fari tas ya kwana ya koma ja-ja da wani gari-gari kwance a gindin bokitin, har farin mayafin da ta jiƙa ya yi tabo. Nace Inna kwantar da hankalinki, ƙarfe ne narke a cikin ruwan, can ƙasa babu iska shi yasa ido baya ganinsa, da ya fito ya sha iska sai ya yi tsatsa ya kwanta. Muka haɗa musu tanki mai yayyafa ruwan ta sama ya ratsa yashi kafin a ɗiba, aka samu sauƙi. Malam Edita, abunda ya faru a bokitin tsohuwar nan a dare ɗaya shine ya faru da tekunan duniya gaba ɗaya, sai dai nasu ya ɗauki ɗaruruwan miliyoyin shekaru.

Masana sun ƙiyasta shekarun duniya da kusan biliyan 4.5, kuma wajen rabin wannan lokacin babu oksijin a sararin sama sai ɗan abunda bai taka kara ya karya ba, yau kuwa shine kashi 21 cikin 100 na iskar. Wani zai ce waye ya gani, toh duwatsu ne shaida. A Witwatersrand na Afirka ta Kudu, inda aka gano zinare a 1886 har birnin Johannesburg ya tsiro a kai, zinaren yana cikin tsakuwar tsofaffin koguna masu shekara kusan biliyan 3, kuma a cikin tsakuwar akwai ƙwayoyin fairait, dutsen nan mai ƙyalli da ke ruɗar sababbin masu haƙar zinare, da ƙwayoyin ma'adinin yuraniyam, duk sun mulmule sumul alamar ruwa ya daɗe yana gangarawa da su. Yau in fairait ya shiga kogi baya nisa iska zata cinye shi ya koma tsatsa, tunda waɗancan sun yi doguwar tafiya lafiya lau kaga kenan iskar lokacin bata da haƙoran cin su.

Tekun wancan zamanin cike yake da narkakken ƙarfe irin na bokitin Inna. Sai Allah cikin ikonsa ya kawo wasu ƙananan halittu da ido baya ganinsu ɗaya-ɗaya, sayanobakteriya, danginsu na cikin koren gansakukar da muke gani a kan kududdufi, suna amfani da hasken rana su haɗa abincinsu daga ruwa da iskar kabon, abunda suke zubarwa kamar shara kuwa shine oksijin. Har yau akwai tulin da irinsu ke ginawa a raye a gaɓar Shark Bay a yammacin Ostiraliya. Oksijin ɗin farko bai samu hawa sama ba, ƙarfen teku ya dinga cafke shi suna kwanciya a ƙasa, shimfiɗa kan shimfiɗa, ja da baƙi da fari-fari, shine dutsen tama mai zane-zane da ake haƙa yau a tsaunukan Hamersley na Ostiraliya da Carajás a Burazil da yankin Kuruman a Afirka ta Kudu da Minnesota a Amurka. Mafi kaurinsu sun kwanta wajen shekara biliyan 2.5 da suka wuce, zuwa biliyan 1.8 abun ya kusa tsayawa, kuma mafi yawan ƙarfen da duniya ke narkawa daga irin wannan dutsen yake fitowa, rodin da ke cikin ginshiƙin gidanka da bodin motar da ka hau yau. Mu ma muna da danginsa, tamar Itakpe a jihar Kogi wadda aka gina masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta dominta, da ta Maru a Zamfara da ta tudun Muro a Nasarawa. Ranar da malaminmu ya fara miƙo min guntun irinsa a aji na juya shi a hannu, nauyi kamar me, layi ja layi baƙi, abunda ya faɗo min a rai aya ta 27 ce a Suratu Faɗir da ke maganar duwatsu masu zane fari da ja launi daban-daban da kuma baƙaƙe ƙirin, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Wajen shekara biliyan 2.4 zuwa 2.3 da suka wuce oksijin yafi ƙarfin masu cafke shi ya fara taruwa a sama. Preston Cloud na Amurka yana cikin waɗanda suka fara haɗa wannan labarin tun shekarun 1960, sannan a 2000 James Farquhar da abokan aikinsa suka samo hujja mai ƙarfi a cikin farar wutar da ke tsofaffin duwatsu, wata alama ce da bata samuwa sai in hasken rana mai ƙuna yana ratsowa babu rigar ozon a sama, wato shimfiɗar iskar da ke tare shi wadda daga oksijin take samuwa, alamar tana nan a duwatsun da suka girmi wancan lokacin, bayansa ta ɓace. Daga nan jajayen duwatsun yashi suka fara bayyana a doron ƙasa. Robert Hazen da abokansa sun nuna a 2008 cewa fiye da rabin ire-iren ma'adinan da aka sani da basu samu ba in da babu wannan iskar da halittun da suka kawo ta. Jar marmarar kan Dutsen Dala wadda maƙeran farko na Kano suka narka, da burjin da ake zubawa a hanya, da jar ƙasar ganuwa, yaran jiya ne in aka gwada su da waɗancan, amma duk aikin iska ɗaya ne.

Shi yuraniyam halinsa kishiyar na ƙarfe ne, ƙarfe in yaga oksijin kwanciya yake, shi kuwa narkewa yake ya bi ruwa, sai ya tarar da inda babu iska, inda akwai ragowar halittu a binne, sannan ya sauke kaya. A Oklo ta ƙasar Gabon ruwa ya tara shi da yawa wuri ɗaya kusan shekara biliyan 2 da suka wuce har ya kunna kansa kamar tashar nukiliya, yana yi yana tsayawa na ɗaruruwan dubban shekaru, ba wanda ya san da wannan sai 1972 da Faransawa suka auna kayan da aka kai musu daga can suka ga nau'in da ke bada wuta ya gaza yadda ya kamata ya kasance. Na 'yan uwanmu na Nijar, yuraniyam ɗin Arlit da ake haƙa tun 1971, shima ta irin wannan hanyar ya taru, ruwa mai iska ya wanko shi daga duwatsun Abzin ya shigo da shi cikin dutsen yashi mai ragowar tsirrai ya ajiye.

Yanzu ga inda nake so mai karatu ya natsu sosai dan nan ne zuciyar maganar. Bishiya tana raye tana ɗaukar kabon tana sakin oksijin, amma in ta mutu gara da fumfuna suka cinye ta, ko aka sa ta a murhu, duk oksijin ɗin da ta bayar sai an karɓe shi tas, an tashi canjaras ba riba ba faɗuwa. Shi yasa maganar da aka yi ta yaɗawa a 2019 lokacin gobarar dajin Amazon, wai shi ke bamu kashi 20 na oksijin da muke shaƙa, ba daidai bace, dajin yana shanye kusan duk abunda ya fitar, amfaninsa mai girma yana wani wajen, ruwan sama da kabon ɗin da ya riƙe da halittun cikinsa. Riba bata samuwa sai in gawar ta tsere wa ruɓa, laka ta binne ta inda iska bata kaiwa, kuma abunda ke tserewa bai wuce kamar 1 cikin 1,000 ba, amma in aka yi ta tarawa shekara miliyan ɗari bisa ɗari sai ga kashi 21 ɗin nan. Wato kwal da mai da baƙar lakar Pindiga a ƙasa, da oksijin a sama, Hassan da Usaini ne, haihuwa ɗaya, aka raba su ɗaya ya yi sama ɗaya ya yi ƙasa.

Zamanin da wannan rabon yafi ƙarfi shine wanda ake kira Kabonifaras, daga shekara miliyan 359 zuwa 299 da suka wuce. Lokacin Turai da Arewacin Amurka suna tsakiyar duniya wajen zafi da ruwan sama, fadamu ne iya ganinka, da bishiyoyi irin Lepidodendron masu kai mita 30 ko fiye, sambal kamar giginya ba reshe sai can sama, in suka faɗi cikin ruwan fadama mai tsami marar iska sai su ƙi ruɓa, ƙasan kuma tana ta lotsawa a hankali saboda nahiyoyi na karo da juna suna haɗewa, wani daji ya tsiro kan gawar wani, nauyi da zafi suka matse su suka zama kwal ɗin Ingila da Jamus da Folan da gabashin Amurka, wanda daga baya ya tada injin tururi da jirgin ƙasa. A 2012 wasu masana sun kawo ra'ayin cewa lokacin dangin naman kazan da ke iya cin ƙwarin itace basu bayyana ba shi yasa itacen ya taru, ra'ayin ya yi farin jini sosai, amma a 2016 wasu suka duba kwal ɗin kansa suka nuna akwai alamun ruɓa da fumfuna a ciki, suka ce fadama ce da lotsawar ƙasa suka yi aikin, ni dai da nake ganin yadda laka ke adana abu kullum nafi gamsuwa da na biyun.

Tunda an binne kabon da yawa haka dole ɗan uwansa ya yi yawa a sama. Lissafin Robert Berner na jami'ar Yale ya kai oksijin ɗin lokacin kashi 30 zuwa 35, wasu sun kawo ƙasa da haka, amma an fi karkata kan cewa ya wuce na yau. Ƙwari basu da huhu, ta wasu 'yan ƙofofi a jikinsu iska ke shiga, in iskar tayi ƙarfi sai su samu damar girma. A mahaƙar kwal ta Commentry a Faransa an tono wani mazari a 1880, Meganeura, faɗin fiffikensa wajen santimita 70, wato kamar tantabara ta buɗe fiffike, a 2018 kuma aka tsinci ragowar wata ƙadandoniya a gaɓar teku a Northumberland ta arewacin Ingila wadda tsawonta ya haura mita 2. Sai kuma wuta. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera yaga yadda garwashi ke haske in yaro ya danna zugazugi, toh a irin waccan iskar ko ɗanyen ganye ci yake, tsawa ɗaya ta isa ta tada gobara a tsakiyar fadama. In ka fasa kwal wani lokacin zakaga wani layi mai laushi yana shafa baƙi a yatsa, gawayin tsohuwar gobara ne, masana na ƙirga yawansa su kimanta oksijin ɗin kowane zamani dan wuta bata ci in ya yi ƙasa da kamar kashi 16, abunda masu yin gawayi a daji suka sani tuntuni shi yasa suke rufe itacen da ƙasa su bar 'yar kafa kawai.

Kwal ɗin Anu Araren kusa da Cirozerin a jihar Agadas, wanda kamfanin Sonichar ke ƙonawa yana ba Arlit da Agadas lantarki, ɗan wancan zamanin ne. Namu na Najeriya ƙane ne a kansa nesa ba kusa ba, na Inugu da aka gano a 1909, inda 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe ma'aikata 21 a Iva Valley a 1949, da na Okaba a Kogi da na Maiganga nan kusa da mu a Akko, duk wajen shekara miliyan 70 suke, amma hanyar ɗaya ce, fadama da rashin iska.

Shi kuma mai ba daga daji yake ba, ba kuma daga gawar dainaso ba kamar yadda wasu ke cewa, yawancinsa daga ƙananan halittun da ke yawo a saman teku da manyan tafkuna ne, suna mutuwa suna zuba ƙasa kamar ƙurar hunturu. In akwai iska a ƙasan ruwan sai a cinye su, in babu sai su taru su zama baƙar laka. Bahar Aswad, tekun da ke arewacin Turkiyya, haka yake har yau, daga zurfin mita 150 zuwa 200 ka yi ƙasa babu oksijin sai iskar nan mai warin ƙwai. Kuma an yi lokuta da manyan sassan tekunan duniya suka shaƙe haka, Seymour Schlanger da Hugh Jenkyns ne suka fara bayyana wannan a 1976. Ɗaya ya faru wajen shekara miliyan 94 da suka wuce, aman wutar duwatsu ya ƙara kabon a sama, duniya tayi zafi, ruwan ɗumi kuwa baya riƙe iska sosai, ga teku ya cika ya hau kan tudu, alamarsa na nan a wani baƙin layi mai kaurin kamar mita 1 cikin fararen duwatsun Gubbio a Italiya, kuma lakar La Luna da ta haifi man Marakaibo a Benezuwela 'yar wannan zamanin ce. A daidai lokacin nan teku ya ratso Sahara daga arewa ya biyo ta Nijar ya sauko kwarin Gongola da Binuwai ya haɗe da Atilantika, wato inda nake zaune nake maka rubutu ƙasan teku ne. Ba tatsuniya bace, gani ya kori ji, a ramin da ake fasa dutsen siminti a Ashaka ana tsintar katantanwar teku da ta zama dutse, naɗe kamar gammo, wata ta cika tafin hannu wata tafi haka, ina da guda biyu a kan tagar ɗakina. Daga baya ma teku ya shiga yankin Sakkwato, har akwai wata ƙatuwar dabbar ruwa da aka sa wa suna Goronyosaurus dan a yankin Goronyo aka tono ƙashinta.

Amma baƙar laka kaɗai bata isa ba, sai an dafa ta. Sai ta nutse zurfin kilomita 2 zuwa 4 inda zafi ke tsakanin digiri 60 zuwa 120 ta daɗe a can, in wutar ta gaza ɗanya ce, in ta ɗan wuce sai gas, in ta wuce sosai ta ƙone shikenan. In ta dahu man sai ya tsatso ya shiga 'yan ƙofofin dutsen yashi kamar yadda man gyaɗa ke shiga cikin ƙosai, babu wani kogo babu tafki, kuma dole a samu marfi a sama, laka ko gishiri, in ba haka ba ya sulale ya fito ya lalace. Ga kuma abunda zai kashe maganar gangare gaba ɗaya, mai yafi ruwa rashin nauyi, sama yake bi ba ƙasa ba, zuba cokali ɗaya na man gyaɗa a kofin ruwa ka gani da idonka.

Dan haka man Doba da ke can kudancin Chadi, wanda ke bin bututu mai kilomita 1,070 zuwa Kiribi a Kamaru tun 2003, daga lakar tsofaffin tafkunan can ya fito, a can ya dahu a can ya tsaya. Na Agadem a gabashin Nijar da ya ciyar da matatar Damagaram tun 2011 kuma yanzu yake bin bututu mai kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin, shima tukunyarsa daban murhunsa daban. Rijiyar mai bata jan abunda ke nesa da ita da ɗaruruwan kilomita, ko ruwa da yafi mai gudu a cikin dutse, in maƙwabcinka ya zurfafa rijiyarsa taka zata iya ja baya amma ba ta mutumin wani gari ba. Gaskiya ne in fili ɗaya na mai ya hau kan iyaka ɗaya ɓangaren zai iya ɗibar na ɗaya, shi yasa ƙasashe ke yin yarjejeniya irin wadda Najeriya tayi da Sao Tome a 2001 kan yankin tekun da ke tsakaninsu, amma wannan daban da cewa wai man Borno na malalawa Doba. A ɓangarenmu na tafkin Chadi an haƙa rijiyoyi 23 a baya, alamun gas aka samu a guda biyu. Abunda ya kamata 'yan jaridarmu su dinga tambaya in an ce an samu mai shine kaurin baƙar lakar nawa ne, kabon nawa ke cikinta, ta dahu ko bata dahu ba, akwai marfi, ganga nawa rijiyar ta bayar a rana da aka gwada ta, wannan shi zai nuna mana gaskiyar abunda muke da shi, kuma shi zai hana a dinga cusa mana haushin 'yan uwanmu na Diffa da Damagaram da Injamena a kan abunda basu yi ba, mutanen da muke auratayya da su muke cin kasuwa ɗaya.

Saura abu ɗaya da ke damuna. Duk sanda muka tada janareta ko muka ba mota wuta, Hassan da Usaini ne muke sake haɗawa, kabon ɗin da aka binne da oksijin ɗin da aka bari a sama su koma iskar kabon yadda suke tun farko. Ana auna wannan, Ralph Keeling na cibiyar Scripps a Kalifoniya yana bin sawun oksijin tun 1989, kuma yana raguwa da kamar ƙwaya 19 cikin kowace miliyan a shekara. Kada kowa ya tsorata, ba zamu shaƙe ba, dan mafi yawan kabon ɗin da aka binne warwatse yake cikin laka irin ta Pindiga wadda ba mai iya haƙo ta ya ƙona, ko an ƙone duk kwal da man da hannu zai kai kaɗan ne zai ragu. Matsalar tana ɗaya ɓangaren, iskar kabon da take 280 cikin miliyan kafin zamanin injina, Charles Keeling, mahaifin Ralph ɗin, ya same ta wajen 315 da ya fara awo a dutsen Mauna Loa na tsibirin Hawai a 1958, yau ta haura 420. Abunda ƙasa ta ɗauki miliyoyin shekaru tana binnewa muna tono shi cikin shekara 200, kuma mu na bakin Sahara mu ke fara ji a jikinmu, a Afrilun 2024 garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5. In na tuna cewa baƙin layin nan na shekara miliyan 94 shima da ƙaruwar kabon da ɗumamar ruwa ya fara, gaskiya jikina sanyi yake.

Roƙona gareka Malam Edita, dan Allah ku ware mana ko rabin shafi ne a wata na irin wannan ilimin da Hausa, akwai malamai a jami'o'inmu na Zariya da Bauchi da Maiduguri da Sakkwato da suka fini sani nesa ba kusa ba, a je a zauna da su a rubuto yadda manomi da ɗan sakandare zasu gane. In kuma zaka turo wakilinka Gombe, ni zan ajiye aiki in raka shi, mu nemi izini mu shiga ramin Ashaka yaga katantanwar teku da idonsa, mu wuce Maiganga ya fasa kwal ya shafa gawayin a yatsa, mu ƙarasa Pindiga ya ɓare baƙar lakar nan da hannunsa ya ɗauki hoto, kwana biyu sun isa. Sai dai ya zo kafin damina ta sauka, dan in ruwa ya taɓa lakar can mota bata shiga.

Wassalam, naku,
Mai haƙar rijiyar burtsatse, daga Gombe